Haƙoran da Baba Ya Ƙi Sawa

Babana dillalin dabbobi ne a karar Dakoro, wato kasuwar dabbobin garin, kuma da babban yatsansa na dama ya ciyar da mu. Da shi yake danne leɓen ƙasa na rago ko saniya, ya leƙa sau ɗaya, ya faɗi shekarunta. Bafulatani zai rantse karsanarsa ba ta wuce uku ba, mai saye ya rantse ta doshi shida, sai a ce a kira Baba. In ya duba ya faɗa, magana ta ƙare, ko da ba ta yi wa wanda ya kira shi daɗi ba.

Mu ƴaƴansa ma ba mu tsira daga yatsan nan ba. In kin zo gaishe shi da safe, sai ya kama haɓarki ya ja leɓe, ya ce wannan ɗan akuyar ya fara famfara. Lokacin da haƙorana na nono suka fara zuba, Inna, mahaifiyarmu, takan sa in jefa kowanne bisa rufin ɗaki, ta ja mini kunne kada in bari ƙadangare ya ga giɓin, in ba haka ba sabo ba zai fito ba. Na yi makonni ina yawo da hannu a baki, ina hararar duk ƙadangaren da ke kan katanga. Baba ba ya musu da Inna a kan wannan. Shi dai kowace safiya sai ya taɓa dasashina ya ce, “Yana nan tahe, ina jin kanshi.”

A wurinsa na koyi karanta bakin dabba, don ni ce mai kai masa fura ranar kasuwa. Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai mai tauri. Takwas ɗin da ke ƙasa su ne take canzawa biyu-biyu, har a ce bakinta ya cika. Daga nan sai gangara: su fara lalacewa, su gajarce, su ware, su bar kututture. Saniyar da ta kai nan ba ta iya tsinkar guntuwar ciyawar rani, komai ƙibar da ta shigo da ita daga kaka. Baba yakan gaya wa mai ita kai tsaye, “Wagga ba ta ganin damana, ka rabu da ita tun da sauran nama.” Na sha ganin makiyayi ya juya baya yana share ido, Baba kuma bai taɓa sassauta maganar ba.

Abin da ya tsana a duniya shi ne gyaran baki. Gab da babbar sallah, akwai masu kama ɗan rago da bai isa layya ba, su fizge masa haƙoran nono biyu da filaya, su goga gawayi a wurin, don mai saye ya ɗauka ya famfara. Baba na ganin dasashin zai gane, kuma a gaban jama'a yake faɗa. Ya rasa abokai a kan haka, har da wani dillali da suka tashi tare a unguwa ɗaya, wanda bai sake yi masa magana mai daɗi ba. Inna ta sha cewa ya riƙa yin shiru, ba shi ne alƙalin kara ba. Sai ya ce dabba ba ta iya ƙarya da bakinta, sai in mutum ya sa mata hannu.

Ni na girma na zama malamar lakwal, wato makarantar boko. Kowace shekara darasin haƙora yana zagayowa, in zana baki buɗe a kan allo. Na gaba takwas ne, huɗu sama huɗu ƙasa, su ke yanka. Sai fiƙoƙi huɗu masu tsini, su ke yaga nama. Bayansu ƙananan turame takwas, sannan manyan turame goma sha biyu masu niƙa, har da na can ƙurya da ba sa fitowa sai mutum ya yi hankali. Talatin da biyu ke nan ga babba, ashirin ga yaro. In zana haƙori ɗaya in tsaga shi: farin da ake gani a waje, wanda ya fi komai tauri a jikin mutum, jijiya a tsakiya mai kawo zogi, da saiwa da ta nutse cikin ƙashin muƙamuƙi, dasashi ya rufe ta. Na taɓa nuna wa Baba zanen. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce lallai ɗan Adam ya fi saniya kwaɗayi, tunda sama da ƙasa aka ba shi wuƙa.

Nasa haƙoran ba su taɓa yin kogo ba. Goro ya rina su ja, amma da su yake kwance ƙullin igiya, yana yi wa matasa dariya in suna neman wuƙa. Shi ya sa ban lura da wuri ba. A wata sallar layya ce na ga ya ɗauki tsoka, ya juya ta a hannu, ya miƙa wa jikokinsa, ya ce ya ƙoshi. Mutumin da ke tauna guringuntsi har a ji ƙararsa daga zaure. Bayan kwana kaɗan Inna ta kira ni ɗaki, ta kwance bakin zanenta ta nuna mini turmin haƙori guda, lafiyayye, da saiwarsa doguwa. A aljihun rigarsa ta tsince shi da za ta yi wanki, kuma ta ce ba shi ne na fari ba. Asuwakinsa ma kullum da jini yake ajiye shi.

Sai da na haɗa da kuka da faɗa kafin ya yarda muka shiga mota zuwa Maraɗi. Likitan haƙorin matashi ne mai ladabi. Ya duba, ya taɓa kowane haƙori, suna ta rawa a ƙarƙashin ƙarfensa. Ya yi mana bayani cewa haƙoran kansu ba su da laifi, ciwon dasashi ne ya daɗe yana cin ƙashin da ke riƙe saiwoyin, har ba sauran abin da za su kama. Ina shirin sake faɗa wa Baba a hankali, sai ya ɗaga hannu.

“Na gane, ɗiyata. Turke lahiya lau, ƙasa ce ta zaizaye.”

Likitan ya ce haka ne, Baba. Ya cire waɗanda suka rage a zuwa biyu, aka jira dasashin ya warke, aka auna bakin, aka yi masa haƙoran roba sama da ƙasa. Ranar da aka sa masa su, na ga fuskar babana ta dawo. Kumatun da suka lotsa suka cika. A tasha na sayo masa tsire, ya ci yanka biyu a hankali, yana kallon gefe don kada in ga daɗin da yake ji. Na dawo Dakoro ina ganin an gama.

Ranar kasuwa ya sa su ya fita. Ban je ba, ƙanena da ke taya shi riƙon dabbobi ne ya ba ni labari. Da farko wasa ne. Wani tsohon abokinsa Bafulatani daga wajen Birnin Lalle ya kama haɓarsa, ya ce a zo a ga ikon Allah, tsohon sa ya koma maraƙi. Aka yi dariya, Baba ma ya yi, fararen haƙoran suna walƙiya a rana. Sai dillalin nan da suka ɓata tun shekaru ya matso, ya yi sallama, ya ce cikin sanyin murya, “Ashe gyaran baki ya halatta, Alhaji. Ga bisashe ɗai anka hana.”

Ba wanda ya yi dariya. Da rana ta yi tsaka aka yi gardama a kan wani bijimi, aka kira shi kamar kullum. Ya danne leɓe, ya faɗi shekaru. Mai sayen baƙo ne, ya ji abin da aka faɗa da safe. Ya dubi bakin bijimin, ya dubi bakin Baba, ya ce a kira wani ya ƙara dubawa. Wanda aka kira ya faɗi daidai abin da Baba ya faɗa, amma an riga an kira shi.

Da Baba ya dawo gida ya nemi ruwa, ya cire haƙoran, ya wanke su tas, ya naɗe a ƙyalle, ya ba Inna ya ce ta adana. Na zo da yamma na tarar da bakin ya koma ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ɓoye ba.

“Baba, maganar mahassadi guda ce za ta hana ka cin abinci? Wa ka cuta? Wa ka saida ma bakinka?”

“Ba ƙarya ya yi ba.”

“To ka bar su gida in za ka kara. Ka sa su lokacin cin tuwo kaɗai, ba mai gani sai mu.”

“Abin da nike jin kunyarshi cikin kara, ba ni yin shi a ɓoye cikin gidana.”

Na kawo masa limamin unguwa, ya gaya masa babu laifi ko kaɗan, magani ne kamar tabarau. Baba ya saurare shi da girmamawa, ya raka shi har ƙofa, ya dawo ya zauna. Ya ce shi bai ce haramun ne ba. Ya ce duk wanda ya taɓa kunyatawa a kan ɗan rago yana nan da rai, kuma ba zai tsaya gabansu da bakin da ba nasa ba ya ce musu ga gaskiyar baki. Taurin kai irin na babana ban taɓa ganinsa ba, kuma na san a wurinsa na gado nawa.

Ya ci gaba da zuwa kara da bakinsa fayau, maganarsa tana fita da iska, mutane kuma suka koma kiransa shi kaɗai kamar da. Wannan ya samu. Abin da ya rasa shi ne abinci. Koko da safe, fura da rana, tuwo a dama shi da miya har ya zama ruwa. Inna takan daka nama a turmi ta zuba masa a romo, ya kurɓa kaɗan ya ture, ya ce ba ya jin ɗanɗanon abin da bai tauna ba. Kaka ta wuce, sanyi ya wuce, rigunansa suka yi masa yawa. Da zafi ya shigo sai tari ya kama shi, irin wanda da can yake warkewa cikin mako, ya same shi ba tsoka ba ƙarfi. An yi allurai, an sha magani, likita ya ce jikin yana buƙatar abinci. Na ɗauko ƙyallen nan daga akwatin Inna na ajiye a gabansa. Lokacin dasashin ya riga ya ƙanƙance, ko ya yarda ba za su zauna ba, amma ko kwancewa bai yi ba.

Wata rana bayan la'asar na same shi kwance a tabarma ƙarƙashin bishiyar bedi, wato darbejiya, ta tsakar gida. Iska mai zafi tana kaɗawa, gabas ba alamar hadari. Na zauna kusa da shi da kwanon kunu, na fara faɗan da na saba, har na ce masa shi ba saniya ba ne da za a yanke masa hukunci da haƙori. Ya bar ni na gama. Sannan ya miƙo hannu ya kama haɓata, ya danne leɓena da babban yatsan nan, ni da nake da ƴaƴa huɗu.

“Ke da saura da yawa,” ya ce. “Amma ki kula da turminki na hagu, kina tauna da gehe guda.”

Gaskiya ne, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba. Sai ya kama nawa yatsan ya ɗora a leɓensa, ya buɗe baki. Dasashi ne kawai, fari fat, ya lafe a kan ƙashi, ba ko kututture.

“Duba da kyau. In anka kawo miki wagga cikin kara, a watan ga, mi za ki ce ma mai ita?”

Na so in ce za ta kai, in an kula da ita. Maganar tana bakina. Amma idonsa yana kaina, irin kallon da yake yi wa mai filaya a aljihu, kuma shi ya koya mini karatun. Hawaye suka zubo mini, yatsana yana kan leɓensa.

“Ba ta ganin damana, Baba.”

Ya saki hannuna, ya gyara kwanciya. “Madalla,” ya ce. “Ba ni kunun in sha.” Ya sha fiye da yadda ya saba, har ya ce Inna ta yi ƙoƙari da tsamiyar.

Bai ga daminar ba. Ruwan farko ya sauka bayan an share makoki, mutanen kara suna ta zuwa gaisuwa da taɓo a takalmansu. Dillalin nan ma ya zo, ya durƙusa gaban Inna, na tashi na shiga ɗaki don ba zan iya kallonsa ba, har yau kuma ban iya ba.

Haƙoran suna nan a akwatin Inna cikin ƙyallensu. Darasin yana zagayowa kowace shekara, in zana bakin a allo, yara su ƙirga tare da ni har talatin da biyu. In na zo kan saiwa da ƙashin da ke riƙe ta, nakan juya musu baya in daɗe ina gyara zanen. Turmina na hagu an cire shi bara.