Rumbun Lakwal

Jiya na ji ƙamshin sabon hatsi, sai Baba ya faɗo mini a rai, dattijon da ya sauke ni a Kore Mairuwa ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, ana ce mini Mushe irin na Faransanci, zamanin Nasara. Shi ya bi gida-gida yana karɓar damin hatsi yana tarawa a rumbun lakwal, don a sayar a yi wa yara benci. Yakan murje zangarniya a tafinsa, ya hure, ya ce, "Mushe, 'ya'yanmu sun bar zaman ƙasa."

Ranar da dogaran kumandan, Baturen mulki, suka kwashe rumbun, tsugunawa ya yi yana tsintar ƙwayoyi cikin rairayi. Ya ce, "Irin baɗi ne."

Bai ga baɗi ba. Har na bar garin, yaran a ƙasa suke.

Allah ya ba shi mazaunin da ba mai ƙwace masa.