Uwar Sabulu Ta Leƙa Ƙasan Motarta

Duk unguwar ba mai kiranta da sunanta na gaskiya. Uwar Sabulu ake ce mata, ita ma haka take amsawa. Tun tana amarya take wanki da guga, daga kayan maƙwabta har ta kai ga zannuwan gadon wani otal da labulen wani asibiti, ga mata biyu suna taya ta. Irin macen nan ce da in an miƙa mata kofi sai ta ɗaga ta duba gindinsa kafin ta sha.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a wuya, aron mota. Mijinta tela ne, keken ɗinki kaɗai ya iya tuƙawa, don haka duk ranar kai kaya sai ta je ƙofar ƙanin mijin. Shi kuwa sai ya gama shan shayinsa, ya gama wayarsa, sannan ya leƙo yana kaɗa makulli a yatsa.

"Matar Yaya, mai take sha fa, ba ruwan omo ba."

Mace da jikokinta, a shanya ta a rana kamar tsumma! Ta rantse ranar da ta yi tata, ƙafarta ba za ta sake taka ƙofar nan da roƙo ba.

Da Allah ya hore, dillali ya nuna mata 'yan bas guda biyu, na hannu, waɗanda aka shigo da su daga wata ƙasa mai sanyi: ɗaya otomatik, ɗaya mai giya. Gwiwarta ta hagu kuwa, tsugunon wanki ya riga ya cinye ta, in ta miƙe ƙara take kamar tsohon ƙyaure.

"Uwar ɗakina, ɗauki otomatik ki huta da taka kuloci," in ji dillalin. "Cunkoson garin nan bai san ciwon gwiwa ba."

Har ta buɗe baki za ta ce to, sai ƙanin mijin, wanda ya biyo su ba a gayyace shi ba, ya ce, "Ai dama mata sai otomatik."

"A ba ni mai giyar," in ji ta.

Ga mutane cewa take mai giya ko batir ya mutu a tura ta ta tashi, kuma kowane makanike ya san cikinta. Gaskiya ne. Amma ita da gwiwarta sun san don wa aka saye ta.

Wannan wautar ƙarama ce. Babbar tana ƙasa.

Washegari ta wanke motar ciki da bai, sannan halinta ya motsa, ta shimfiɗa kwali ta leƙa ƙasanta. Me za ta gani? Wani baƙin abu mai danƙo, kamar kwalta, ya lulluɓe ƙarfen kaf. Ta yi salati. Mutanen da ake yi mana gorin tsabtarsu, ashe haka suke barin ƙasan mota? Kuma a kan wannan ƙazanta za ta ɗora fararen zannuwan mutane? Ta kira matan nan biyu, aka kawo kananzir da soson ƙarfe, manyan mata uku suka kwanta rigingine suna dirza. Ba su tashi ba sai da ƙarfe ya yi fes kamar gindin sabuwar tukunya. Har maƙwabta ta kira su gani.

Damina ta zo, ga ruwan titi daga ƙasa, ga ɗigar jiƙaƙƙun kaya daga sama. Jan tsatsa ya fara fitowa a ƙarfen. Ita kuwa in ta ga ja sai ta ƙara dirza. Ranar da ta taka bayan motar tana sauke ƙunshi, ta ji dunduniyarta ta nutse, ta duba ta hango titi ta ƙarƙashin ƙafarta, ranar ta nufi gareji.

Makaniken, tsohon abokin faɗanta ne, ya shiga ramin duba mota ya haska ƙasanta.

"Wane maƙiyin ne ya kankare miki maganin tsatsa?"

"Maganin me?"

"Baƙin nan da ake fesawa a ƙasa. Can gishiri suke watsa wa titi lokacin ƙanƙara, shi ya sa suke shafe ta. Rigarta ce aka tuɓe mata."

"Ni ce maƙiyin," in ji ta. "Da sosona."

Dariya ta hana shi fitowa daga ramin. Da ya samu numfashi ya ce za a yanke inda ya ruɓe a yi walda, a sake fesa baƙin, har da mai kauri a cikin ƙofofi. Amma da sharaɗi: ko da wasa kada sabulunta ya sake zuwa wurin.

"Wato in biya ka ka shafa min datti."

"Ko ki bar ta ta zube, ki koma aro wurin ƙanin maigida. Na ji yana tambayarki."

Ta tuna makullin nan yana lilo a yatsa. Ta tuna rana.

"Fesa," ta ce. "Ka cika shi. Kada dai ka nuna min."

Kwanakin da motar ta yi a gareji, a ka suka riƙa kai kaya ita da matan, ba ta je ƙofar kowa ba.

Yanzu in ka ga wata farar bas tana sheƙi a cunkoso, da wata mata a ciki tana taka kuloci tana tsaki tana murza gwiwa, ita ce. Kullum da safe tana wanke ta daga rufi zuwa bakin ƙofa, a nan take tsayawa ta kau da kai. Rannan ƙanin mijin ya durƙusa ya leƙa, ya ce, "Matar Yaya, ƙasan nan fa ya yi baƙi."

"Nawa ne," ta ce, ta kaɗa masa makulli a yatsa.