Ranar da Gwaggo Ta Hana Radhames Albarka

An ce taubashina Radhames ya sayi ƙungiyar ƙwallon da ake jifa ana duka da sanda, wato baseball, sukutum a Amurka, da filinta da jirginta da mai yanke mata ciyawa, kuma da hawansa kujera ya kori ɗan Gwaggonmu, Wascar. A kasuwar San Pedro na ji wata mai ayaba tana rantsuwa wai a gabanta aka yi korar. To ku kwantar da hankalinku. Radhames mai aski ne, kujera ɗaya ce a shagonsa, fankarsa ma sai an tura ta da tsinke take tashi. Ƙungiyar da ake magana tana cikin wayarsa mai fasasshiyar fuska.

Su goma sha biyu ne masu wannan wasa na waya a unguwarmu. Kafin a fara kakar wasa a can Amurka, kowa zai tsinci 'yan wasa na gaske, ɗaya daga nan, ɗaya daga can, ya haɗa tasa ta ƙarya. Duk abin da ɗan wasa ya yi a fili, waya ta rubuta wa mai shi maki. Iyakar abin da na gane ke nan. Na taɓa ganin ƙungiyar da Radhames yake mutuwar so ta ci wasa, shi kuma ya riƙe kai kamar an yi rasuwa, wai mai jifan abokan hamayya da aka lallasa yana cikin tasa ta waya.

A bayan gonakin rake muka taso. Radhames yana rarrafe uwarsa ta tafi aikatau ƙasar waje, sai Gwaggo Eufemia ta goya shi tare da nata ɗan. Gadonsu ɗaya, sandarsu ɗaya, ta tsintsiya, da murfin gorar ruwa a madadin ƙwallo. In Wascar ya daki murfin, sai a gari na gaba ake tsintarsa. Radhames kuwa jifa ya zaɓa. Ranar da masu neman yara 'yan wasa suka zo gwaji, jifansa na farko ya sami akuya, na biyu ya sami mai gwajin, na uku har yau ana cigiya. Aka tafi da Wascar, shi ya kama almakashi.

Amma Allah ya ba shi baki. Duk watan Maris, lokacin da mata ke dafa wake mai zaƙi na azumin Kirista, sai ya hau akwakun lemo a ƙofar shago ya yi wa masu zaɓen 'yan wasa bayanin ƙungiyar Wascar, tunda ita duk unguwa ke bi: wa zai yi jifa, wa zai yi duka, wa za a guda. Ana ɗauka a waya a rarraba. Har a New York ana saurare, in ji shi.

Bana Wascar ya fara manyanta, gwiwarsa ta hagu tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ƙungiyar kuma ta kawo wani saurayi daga Venezuela mai neman gurbinsa. Radhames ya aika wa abokansa gajeriyar murya: "A guji Wascar bana, benci zai ɗumama. Ni ma na cire shi." Wata maƙwabciya mai son zumunci ta kai wa Gwaggo har kicin ta kunna mata.

A gidanmu, ko gemunka ya kai cibiya, ba ka zama sai ka ce, "Albarka, Gwaggo," ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ran Lahadi na faɗa, aka ba ni tawa. Radhames ya faɗa, ta ci gaba da dakan ayabarta. Ya sake faɗa. Ta dube ni ta ce, "Nicanor, sauro ne nake ji?"

"Gwaggo, ban kore shi ba," in ji Radhames. "Yana nan a ƙungiyarsa."

"Da kunnena na ji ka ce ka cire shi."

"Daga tawa na cire shi."

"Ashe dai kana da ita."

"Ina da ita, amma babu ita."

Gwaggo ta ajiye taɓarya. "Waɗannan da ka ɗauka, wa ke biyansu?"

"Ƙungiyoyinsu."

"Kai fa?"

"Ni ba na biyan kowa. Ba su ma san da ni ba."

"Wato ka sa 'ya'yan mutane aiki a ɓoye, ba ka biyansu, ɗan uwanka kuma ko aikin banzan ka hana shi?"

Ya juyo wajena neman agaji. Na ce gaskiya ni ma haka na fahimta.

Daga ranar Radhames ya rikice. Ya aske wa wani direba rabin gashin baki, ya karɓi kuɗi, ya yi masa sai an jima. Mutumin da bai taɓa kwana da yunwa ba ya koma tauna biskit a shago, don ba ya iya cin abincin gidan da ba a amsa masa gaisuwa. Ya kira Wascar ya roƙe shi ya yi wa uwarsa bayani. Wascar ya yi dariya har wayar ta katse. Da Wascar ya kira uwarsa ya ce, "Mama, ƙyale shi, wasa ne." Gwaggo ta ce, "Kun ji yaron kirki, an cuce shi yana rufa wa macuci asiri."

Ranar zaɓen 'yan wasa muna cike a ƙofar shago sai ga Gwaggo da kayan coci da jaka a hammata. Ba ta gaida kowa ba, ta haye kujerar askin ta juyo da ita tana fuskantar akwakun lemo.

Radhames ya hau, gumi na bin wuyansa. Ya fara da masu jifa: na farko a ɗauke shi ido rufe, na biyu yana ba da ƙwallo kamar sadaka, mai jifan ƙarshen wasa kuma sai mai ƙarfin zuciya. Ya bi masu duka ɗaya bayan ɗaya, ya yaba saurin wannan, ya kushe idon wancan, ya yi maganar iskar filinsu, har ya shiga tarihin kakan mai horarwa. Wani dattijo mai gyaran babur da ake kira Don Fulgencio ya gaji ya ce, "Malam, muna da aiki. Wascar fa?"

Radhames ya dubi Gwaggo, ya dubi wayoyin da aka ɗaga masa.

"Wascar gwani ne," ya ce. "Wato, ya yi gwaninta. Gwiwar ce. Ba wai babu ita ba, akwai ta, amma kada ku dogara da ita. Ɗan Venezuela za ku ɗauka." Ya kawar da kai daga Gwaggo. "Kada wanda ya taɓa Wascar."

Gwaggo ta buɗe jaka ta rufe. Ni dai na matsa kusa da ƙofa.

Aka jefa ƙuri'a, zaɓen farko ya faɗo kan Radhames, abin da yake addu'a tun yana da gashi. Duk manyan duniya suna zube a gabansa, waɗanda ke aika ƙwallo bayan katanga kafin su karya kumallo. Ya daɗe yana kallon waya, sannan ya danna, ya ce, "Wascar."

Shago ya kaure. Don Fulgencio ya ce, "Ba yanzu ka ce kada a taɓa shi ba?"

"Ku na ce."

Gwaggo ta tambaye ni ko an mayar da yaron bakin aiki. Na ce an mayar, har an yi masa ƙarin girma. Ta sauko, ta ɗora hannu a kan sanƙon Radhames ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma wannan karon ka riƙa biyansa."

Da mutane suka watse na same shi yana share gashi. Na ce, "Ranka ya daɗe mai ƙungiya, bana kai ne na ƙarshe tun ba a jefa ƙwallo ba. A kira 'yan jarida, ko ka fi son a yi jana'izar cikin sirri?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ni dai na san abin da na saya da zaɓena. Kai da kake karɓar albarkarta kyauta duk Lahadi tun kana tsirara, nuna mini inda ta kama ka. Ɗaga ƙafarka, ina shara."