Kwanukan Kalgo

Yayana ɗan dambe ne, kuma ba don muna ciki ɗaya ba, a farkon shekarun nan na hamsin ban ga mai hannunsa ba a ƙasar Gwandu. Dogo ne, ƙafarsa ba nauyi. In ya naɗe hannun dama da zare, ya miƙa na hagu yana tare fuska, abokin karawa ba ya ganin tahowar naushi, sai dai ya ji saukarsa. A dambe in hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an kashe ka ke nan, ko da za ka tashi ka karkaɗe jiki ka tafi gida da ƙafarka. Yaya ya kashe mutane a Kambaza, ya kashe a Maruda, ya kashe a cikin gari har ya gaji. Gidanmu gidan mahauta ne, amma da an yi girbi ba ya ƙara taɓa wuƙa. Da damben yake ci. Ya dawo da riga, ya dawo da rago, wani lokacin har da damin gero a bayan jaki.

Sai dai a kai shi Kalgo. A can wani gajere ne mai ƙaton wuya, wanda ko kafaɗar Yaya bai kai ba, yake shimfiɗe shi kowace kaka kamar tabarmar baƙi.

Kowa a gidanmu yana da bayani. Baba ya ce an binne wani abu a filin. Inna ta ce iskokin gulbi ne ba sa son mutumin tudu. Makaɗin kalangun da ke bin Yaya ya ce raɓar fadama ce ke saki fatar ganga, taken Yaya ba ya fita daidai, shi ya sa jininsa ba ya tashi. Duk faɗuwa sai a ƙara masa laya. Damtsensa ya cika har ba a ganin fata, in yana tafiya suna kaɗa juna.

Daga ƙarshe Baba ya gaji da dariyar abokan sana'a a kasuwa. Ya kira Yaya zaure ya ce, "Bana in gajeren nan ya sake kashe ka, ka kwance zaren ga. Ka zo ka kama min ƙafar bijimi wurin yanka, ka yi wankin tumbi kamar kowa." Baba ba ya maimaita magana. Yaya ya fito fuskarsa kamar an aiko masa da rasuwa. Mutumin da 'yan mata ke wa guɗa tun daga bakin gari, a ce ya koma tsugunno gindin rijiya yana juye tumbi.

Ni kuwa na san abin da ke kashe shi, don na gani da idona. A lokacin ina makarantar kwana ta 'yan mata. Da hukuma ta ce a kawo yara mata, manyan gari sun ɓoye nasu, aka miƙa 'yar mahauci, ni ke nan. Hutunmu yakan faɗo lokacin damben Kalgo, kuma ƙanwar Baba, Gwaggo, a can take aure, gidanta Yaya yake sauka. Shekara guda kafin sharaɗin Baba na bi shi, na zauna a tsakar gida ina kallon abin da ke wucewa zuwa ɗakin baƙi ran karawa.

Da hantsi Gwaggo ta aika masa da masa da romon ƙafa. Bai gama suɗe hannu ba uwar mijinta ta aiko da tuwon shinkafa da miyar kifi, irin kifin nan na gulbi mai kitse. Maƙwabta suka ji ɗan Gwandu ya sauka, kowane gida ya turo kwanonsa, don kada a ce su ne marowatan unguwa. Kuma kwano ba ya komawa yadda ya zo. In ka ɗan taɓa ka bari, za a ce girkin ne bai yi maka ba, matar gidan ta wuni tana kuka. Yaya ga kunya. Mutumin da zai fasa wa ƙato baki bai ji komai ba, ba zai iya ce wa tsohuwa ya ƙoshi ba. Bayan azahar, dab da fita, sai ga ƙwaryar fura da nono mai kauri, wai daga uwar gajeren nan, abokin karawarsa, a gaishe da baƙo. Yaya ya ɗaga ya shanye don kada a ce yana gaba da ita. Na leƙa gidansu daga baya da sunan mayar da ƙwarya. Ɗanta yana zaune ƙarƙashin ɗurumi, goro kawai yake tauna.

Da aka shiga fili Yaya yana hamma. Gajere bai ko nemi fuskarsa ba, ciki ya dosa.

Da muka dawo Gwandu na faɗa musu. Inna ta ce in rufe baki, abinci bai taɓa kashe ɗan kowa ba. Baba ya ce, "Wanga shi ne abin da anka koya muku? A hana namiji cin tuwo?" Makaɗi ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Shi ma ai a kwanukan nan yake samun rabonsa, ba zai so a taɓa su ba.

To da shekarar sharaɗin Baba ta zo, na ce sai na je. A bayan motar kaya, tsakanin buhunan albasa, na sa Yaya a gaba.

"Yaya, bana kada ka ci."

"Ke 'yar boko, ki bar ni da abin da ya dame ni."

"Abin da ya dame ka a kwano yake zuwa."

"In mayar wa Gwaggo da tuwonta? Da wane ido zan dube ta?"

"Da wanda gajere ya kumbura maka bara. Ai ya warke."

Ya kai hannu kamar zai ja kunnena, ya fasa. Ya ce ko Baba zai sa shi wankin tumbi har tsufa, shi ba zai iya mayar da kwanon uwa ba. Kuma na san gaskiyarsa ce.

Mun isa Kalgo ran Laraba da la'asar, wasa kuwa Alhamis za a fara. Mata sun cika tsakar gida ana ta sannu da zuwa, Gwaggo tana lissafa wa Yaya abin da ta tanada masa na gobe, har da kan rago. Yana durƙushe yana "madalla, madalla" kamar wanda ake karanta wa hukunci. Haƙurina ya ƙare. Na ɗaga murya yadda har na bayan danga za su ji, na ce, "Gwaggo, kada ki wahalar da kanki. Yaya azumin Alhamis zai ɗauka gobe."

Yaya ya juyo ya dube ni. Uwar mijin Gwaggo ta riga shi magana, ta ce masha Allahu, ɗan dambe da azumin nafila, ita tun tasowarta ba ta taɓa ji ba, Allah ya yi wa uwar da ta haife shi albarka. Mata suka amsa da amin. Yanzu kuma ya buɗe baki ya ce wa tsohuwa ba haka ba ne? Kunyar da take cusa masa tuwo ita ce ta ɗaure masa baki. Ya sunkuyar da kai ya ce, "In Allah ya yarda."

Gwaggo ta ce, "To sai a ƙarfafa sahur." Ban hana ta ba. Abin da aka ci kafin alfijir ya san inda zai nufa kafin la'asar.

Washegari kwanuka suka fara zuwa kamar kullum, ni ce a bakin ƙofa ina mayar da su da kyakkyawan albishir. Babu wadda ta ji haushi, wasu har da addu'a. Uwar gajere ce kaɗai ta tako da kanta, ƙwarya a hannu. Ta ce, "Ɗiyata, ai matafiyi ne, Allah ya ɗauke mai azumi. Kuma na nafila ko an karya ba komi." Na ce, "Inna, ashe kin yi karatu haka? Ki kai wa ɗanki, na ga goro bai riƙe ciki." Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta juya da furarta.

Yaya ya wuni kwance yana zagina ƙasa-ƙasa, yana tuna yana azumi, yana istigfari, yana sake farawa. Da ya shiga fili leɓensa a bushe, idonsa ja. Ban taɓa ganinsa da fushi irin na ran nan ba, kuma na san ba da gajere yake ba. Gajere ya sunkuyo ya nufi ciki yadda ya saba. Bai tarar da komai a wurin ba, Yaya ya riga ya goce. Naushi ɗaya ya sauke masa a gindin kunne. Gajere ya zauna daɓas, yana kallon mutane kamar yana neman wanda zai tambaya hanya.

Kafin magariba kowa ya karɓi nasarar. Makaɗi ya ce ya gasa fatar kalangu a wuta tun safe. Mijin Gwaggo ya ce shi ya zagaya filin da asuba ya tofa abin da ya tofa. Tsofaffi suka ce ladan azumi ne. Da aka kira salla kwanukan da na mayar suka dawo gaba ɗaya, da ƙarin na waɗanda suka zo ganin waliyyi. Yaya ya ci har ya kasa tashi, washegari ya ce hannunsa ya targaɗe, bai shiga fili ba.

A Gwandu Baba ya saurari labarin daga bakin makaɗi, wanda bai ambace ni ba ko sau ɗaya. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce wa Yaya, "Bar zarenka a hannu. Mutum in ya kama ibada, abin da anka binne ba ya cin shi."

Da muka fito zaure Yaya ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce Gwaggo ta riga ta rantse baɗi sai ya zo tun ana saura mako, don ta ciyar da shi yadda ya kamata kafin ranar azuminsa.

"Kin yi hutu lokacin?" ya ce.

Na ce zan duba.