Jitar da Dogo Ya Bari

Yayana mai gyaran fanka ne da rediyo. Tun ina yarinya nake ganinsa a shago ɗaya, kan benci ɗaya, gabansa tulin kayan da masu su suka manta da su. Mutum ne da bai yarda akwai abin da ba ya gyaruwa ba. In ka kawo masa fanka ya ce ta mutu, to ka tabbata har jana'izarta an yi. Magana kuwa sai ka yi da gaske kafin ka ciro guda biyu daga bakinsa.

Ɗansa ɗaya ne, muna ce masa Dogo. Mota ce ta buge shi a kan babur ya rasu, wayarsa ma ba a same ta ba. Yaya bai yi kuka ba. Ya karɓi gaisuwa, ya koma shago, ya ci gaba da kwance fankoki. Ni abin har haushi ya ba ni, na ce masa ko dutse ne ai ya tsage. Ya dube ni kawai, ya ce shi ma yana jira ya ji wani abu, shiru.

Da aka zo raba kayan Dogo, jitarsa kaɗai Yaya ya hana a taɓa. Kowa ya yi mamaki, don da ran yaron ba abin da ya tsana kamar jitar nan. Cewa yake aikin marasa aikin yi ne. Saboda haka Dogo bai taɓa kaɗa ta a gabansa ba, sai a ɗaki, ƙofa a rufe. Ashe ta bango Yaya yake ji. Akwai wani kiɗa da yaron ya ƙirƙira da kansa, mai sanyi, tsirkiya ɗai-ɗai, yana yin sa kullum da yamma in ya dawo aiki. Ba wanda ya ɗauke shi a waya. A cikin kan Yaya kaɗai ya rage, kuma ya faɗa mini ƙarshensa ya fara zille masa. So yake ya saukar da shi a yatsu kafin ya ɓace gaba ɗaya.

Sai ga dattijo da furfura ya jingina waya da gwangwanin kusoshi yana kallon bidiyon masu koyarwa. Mai koyarwar ya ce babban yatsa shi ke da tsirkiya uku na sama, sauran yatsu uku kowanne da tasa a ƙasa, kada a yi gaggawa, kada a fizga. Yaya ya lura a tasa jitar masu kaurin suna ƙasa, siraran a sama, saɓanin ta cikin bidiyo. Ya ce kowane kamfani da irin haɗinsa, ya ci gaba da ƙirgawa daga sama.

Ya bar farcen dama suka ɗan fito, ya yanke na hagu ƙwal. Kan yatsunsa na hagu suka yi ja, suka ɗuri ruwa, suka fashe, daga baya suka yi kanta. Ina kai masa abincin rana in same shi yana abu ɗaya, babban yatsa, manuni, na tsakiya, ya koma farko. Fuskarsa ba yabo ba fallasa, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Sautin dai bai taɓa zama daidai ba. Inda ya kamata a ji kauri sai a ji tsiwa. Na tsokane shi na ce ko sauro yake koya wa waƙa, bai ko murmusa ba.

Mai askin da ke kusa da shagon ya taɓa bin makaɗa da ƙuruciya. Ya daɗe yana jin abin yana haɗiyewa saboda kunyar mai makoki. Wata rana dai ya kasa, ya shigo da almakashi a hannu, ya ce a ba shi ya gani. Yana karɓa ya juya ta, ya sake juyawa.

"Malam, ai wannan ɗaurin bahago ne. Mai ita da hagu yake kaɗawa. Duk watannin nan a kife kake riƙe da ita."

Yaya ya ce ɗansa ba bahago ba ne. Ni kuwa sai na tuna. Dogo da hagu ya fara ɗaukar cokali, da hagu ya fara riƙe fensir. Yaya ne ya tsaya a kansa, yau tsawa, gobe bugun bayan hannu, har yaron ya koma dama. Kafin ya shiga makaranta magana ta wuce, duk muka manta. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga ba sai na faɗa ba. Yaya yana kallon hannunsa.

"Na ɗauka ya daina," in ji shi.

Mai aski ya ce abin ba wuya. Zai kwance tsirkiyoyin ya mayar da su ɗaurin dama, kantar da aka tara ba ta tafi a banza ba, cikin ɗan lokaci kiɗan zai fito. In kuwa ta hagu za a bi, sai dai a koma farko, kuma hannun tsoho ba ya saurin ɗauka. Na sa baki na ce a canza, tunda kiɗan ake gudun ya ɓace. Na ma ɗaga murya, don tsoro nake ji.

Yaya ya karɓi jitarsa ya ce ba mai kwance abin da yaron ya ɗaura. Ya ari abin yanke farce a wurin mai aski, ya yanke na dama a nan take.

Ya koma farko. Hannun hagu ya ƙi jin magana, babban yatsa ya riƙa kama tsirkiya biyu a tare, na dama suka shiga nasu kumburin. Fankokin mutane suka yi ta jira. Da can yakan yi gunjin kiɗan a hanci yana aiki, sai na lura gunjin yana gajarcewa, har na daina jin sa.

Kwanan baya na je shagon da yamma na tarar yana kaɗa wani abu a hankali, masu kaurin na tafe, siraran na amsawa. Ba laifi, yana da daɗi. Na tsaya a bakin ƙofa da kwano a hannu har ya kai inda ya tsaya.

Na ce, "Yaya, shi ne kiɗan?"

Ya shafa wuyan jitar da hannun dama.

"Ban sani ba," ya ce. "Amma haka yaron yake riƙe ta."