Waƙoƙin Baba a Cikin Faifai

Babanmu malami ne a Gwandu, yana da waƙoƙin wa'azi da na roƙon ruwa, dukkansu da ajami ya rubuta su. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma tun ina yarinya ina daka a tsakar gida, kunnena na zaure inda yake rerawa.

Da gara ta fara cin takardun, ƙanena mai koyarwa a Birnin Kebbi ya kwashe su, ya buga a kwamfutar makarantarsu, wadda ta san Larabci. Ya dawo da ɗan faifan kwamfuta baƙi kamar tafin hannu. Baba ya jujjuya shi, ya ce, "Duk surutuna yana nan ciki? Kai, an matse ni!" Tsofaffin takardun kuwa, da yake akwai sunan Allah a ciki, ya sa aka binne su a bayan zaure.

Bayan damina ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Ba abin da yake yi sai buɗe tafin hannu kamar littafi, yana kallonmu. Kwamfutar makaranta kuma wuta ta ƙone ta, dole ƙanena ya kai faifan wani shago a buga.

Bai iya wucewa gida ba, sai ga shi ɗakina a Kalgo. Ya zube mini takardu a kan tabarma. Tun daga sama har ƙasa alamar tambaya ce, layi bayan layi.

"Mi ke nan?"

"Yaya, kwamfuta da lamba take ajiye kowane baƙi. Ta shagon lambobinta na boko ne, sai ta nuna wasu baƙaƙe masu huluna. A lokacin akwai sauran gyara. Mai shagon ya so ya taimaka, kwamfutar ta tambaye shi yadda za a ajiye, ya danna zaɓi na farko."

"To ya danna na biyu mana!"

"Ta riga ta shafe na asali."

Ko mayafin kirki ban ɗauka ba, muka hau mota. Ina isa Gwandu na zagaya bayan zaure da fartanya, na ƙarasa da hannu. Laka na tarar, baƙa, mai ɗan warin tawada.

Na wanke hannu, na zauna a gaban Baba, na faɗa masa gaskiya. Ya rufe ido. Ban san sadda na fara rera waƙarsa ta roƙon ruwa ba. Ina cikin yi ya bugi tabarma da hannunsa mai lafiya. Na koma baya, na canza kalma, ya bari. Ƙanena ya jawo alƙalami.

Haka muka yi ta yi: in na kuskure ya buga, in na dace ya yi shiru. Wasu waƙoƙin muka samu duka, wasu rabi.

Akwai wata doguwa ta tuna mutuwa, wadda yakan rera sadda nake tafiya rijiya. Farkonta na sani da ƙarshenta. Na tsallake tsakiya, ya buga. Na sake, ya buga. Na ce, "Baba, ban ji nan ba, wallahi ban taɓa ji ba!" Leɓensa na motsi, na kai kunnena har bakinsa. Iska kawai.

Ƙanena ya bar wurin fili a takarda. Tun ranar da Baba ya rasu har yau, fili yake.