Tulun Kaka Falmata da tambayar Rakiya

A shekarun fari, ina yaro a gidanmu na Zango, sau da yawa anza ce abincin darenmu. 'Ya'yan wani itacen daji ne masu ɗacin gaske. Sai an jiƙa su kwana da kwanaki, ana zubar da ruwa ana sake wani, sannan su ciwu. Bayan magariba mukan jingine alluna mu kewaye murhun Kaka Falmata, uwar mahaifinmu, tana juya tukunya tana ba mu tatsuniya don mu manta da jira.

Gidan ya cika da dangin da yunwa ta koro daga ƙauyuka. Kaka tana da doka: kafin ta fara, wanda ya fi kowa baƙunta zai yi tambaya, kowace iri ce. Wanda ya yi dariya, gobe shi zai ɗebo ruwan canjin anza, rijiyar kuwa da nisa. Ranar da Zara, 'yar gwaggonmu, ta tambaya ko mai ake zuba wa fitilar titi, ni na fashe da dariya.

"Mamman," in ji Kaka, ko ɗagowa ba ta yi ba, "haƙoranka sun riga hankalinka fitowa. Tulu na jiranka."

A daren ne ta ba mu wannan. "Ga ta ta iso, ku matsa mata," ta ce. Muka ce, "Ta zauna mu ji."

Wai akwai wani gari da matansa suka ƙware a jiƙon anza. Wata baƙuwa ta zo bakin rijiya ta ce, "Don Allah, sau nawa ake canja ruwan?" Suka kwashe da dariya har guga ya suɓuce. Baƙuwa ta goya ɗanta ta yi gaba. 'Yan matan garin suna tsaye suna kallo, daga ranar kuwa babu wadda ta ƙara tambayar komai. Damina ta yi kyau shekaru, tsofaffi suka ƙare. Da yunwa ta dawo, kowace mace ta rufe ƙofa ta dafa yadda ta ga dama, gari ya kwana da ciwon ciki. Sai da suka yi tafiyar kwana uku neman mai sani, suka tarar da baƙuwar nan ta tsufa, zagaye da mata tana koya musu.

"Ta yi musu dariya, Kaka?" in ji Zara.

"Ina ta ga lokaci? Tabarma ta shimfiɗa. Ta ƙare, ku miƙo kwanoni."

Sai da furfura ta fito mini na koyi tsara shafin intanet, don in ɗora takardun ajami da mahaifina ya bari. Matasa ne suka koya mini, a wani zaure na waya inda masu wannan sana'a ke taimakon juna da Hausa. Daga baya suka ɗora mini kula da zauren.

Watan jiya wata malamar lakwal, wato makarantar boko, daga Takieta, Rakiya, ta shigo. Tana gina shafi ne a ordinatarta, wato kwamfuta, don matan unguwarsu masu man gyaɗa. Ta rubuta: "Foto yana fitowa a wurina, a wayar ƙanwata babu. Me ya sa?" Sani, gwaninmu, ya amsa: "Hajiya, foton na cikin ordinatarki. Ƙanwar taki ta taga za ta leƙo?" Fuskokin dariya suka jeru. Kafin in fito masallaci ta fice daga zauren.

Na kira ta. Ta ce, "Baba Malam, bar shi. Ni ba ajinku ba ce."

Kwana biyu babu sabon da ya ce uffan a zauren. Wannan shirun ne ya tsorata ni, don na san shi. Na ɗauki murya na ba su tatsuniyar Kaka kaf, har da dokarta, har da tuluna. Na ce daga yau wanda ya yi wa sabo dariya, shi zai amsa tambayar daki-daki, da ukun da za su biyo baya.

Sani ya rubuto: "To Malam, rijiyar tawa da nisa?"

"Takieta," na ce.

Allah ya yi masa albarka, ya zauna ya nuna yadda ake ɗora foto, mataki-mataki, ya haɗa da ban haƙuri. Na tura wa Rakiya. Rana ta uku bayan la'asar waya ta yi ƙara: Rakiya ta dawo, ga shafinta, ga kwalaben man gyaɗa suna sheƙi. Na yi hamdala a fili, har maiɗakina ta leƙo ta ji ko lafiya.

Da ina yaro na ɗauka tausayin baƙi kawai Kaka ke ji. Yanzu na gane har da tukunyarmu take tsaro, don sanin da ake tsoron tambayarsa tare da masu shi ake binne shi. Shekaranjiya wani tela daga Mirriya ya yi tambayar foton nan, ita dai sak. Ina laluben madubin idona, Rakiya ta riga ni amsawa.